Direban da ya dawo mini da ɗana

Kullum da sassafe, kafin sauran ma'aikatan agaji su iso, yana cikin harabar ofishinsu yana duba taya da mai, yana goge farar motar nan da tsumma. In ya gama sai ya sauke gilasai duka, ko ruwa ake yi, don masu bindiga a bakin gada su ga hannuwansa. Hawainiya muke ce masa, don mai keke ma wuce shi yake yi. In an tsokane shi, sai ya ce fasinjojinsa ba sa sauri.

Gawa yake ɗauka. Da ƙasashe suka sa baki a yaƙin da ake yi tsakaninmu da mutanen ƙetaren gada, aka yarda kowane ɓangare ya mayar wa ɗaya da mamatansa. An kawo likitoci daga nesa, kowa da yarensa, an kawo mota. Wanda zai haye gadar da ita aka rasa. Shi ya karɓi makulli.

Ɗana yana ƙetaren. An ce mini ya rasu, amma ban ga gawa ba, balle kabari. Zama ya gagare ni. In ɗora tukunya, in bar ta, in tafi ƙofar haraba. In dawo, in sake komawa.

Wata rana ƙanin mijina ya tare shi a ƙofar, yana kumfar baki, wai ba ya jin kunya, yana yi wa waɗanda suka kashe mana yara dakon gawa. Hawainiya bai ko ɗaga murya ba.

"Ƙanena, in ban kai musu nasu ba, da wane ido zan roƙi naku? Can ma akwai uwa a bakin ƙofa."

Wata nas baƙuwa da ke binsa ta gaya mana ta bakin tafinta cewa mutanen ƙetaren sun taɓa tsayar da shi da bindiga a kunne, bai kashe mota ba, bai juya ba. Ta ce in ya zo rami yakan rage gudu, ya waiwaya baya ya ce a yi haƙuri.

Haka ya kawo mini nawa. Ya cire hula ya ce, "Yaya, ga shi, ban bari ya girgiza ba."

Hawainiya, kai ne ka ba ni kabarin da nake ziyarta. Kai ne mai tafiyar hawainiya da ya riga masu gudu isowa. Yanzu an ce ido ya gaza, za ka ajiye makulli. Na gode. Allah Ya saka, Ya ba ka hutun da ka ba ni.

Amma hankalina bai kwanta ba. Maƙwabciyata har yau tana ƙofar nan da likkafani a ƙunshe. Samari masu iya tuƙi, ga makulli. Wanda ya ɗauka, ya sauke gilashi, ya kai musu nasu, ya bi rami a hankali.