Ƙofar Ticha

Da na baro Damagaram zuwa karatu a wata jami'a a Abuja, ban ɗauki kaina baƙo ba. Hausa nake ji, Hausa suke ji, to mene ne zai ba ni wuya? Ɗaki a Abuja ya fi ƙarfina, aka ce in nufi Suleja, inda masu aikin Abuja ke kwana.

Wani dillali, ejan suke ce masa, ya kai ni gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Ɗakin ya yi mini. Ga fanka, ga ƙwan lantarki, ga ƙofar ƙarfe shuɗiya mai kauri. Ƙofar ce ma ta ja ni, domin ina ɗauke da kwamfutar da yayata ta saya mini, wadda sai da na rantse mata zan kula da ita. Mutumin da ke ciki, wani malamin makaranta ɗan Filato da kowa ke kira Ticha, yana ta ɗaure kaya zai koma Madalla. Muka gaisa, na biya, na tafi.

Ranar da na dawo da katifata, sai na tarar da ɗaki a hangame. Babu ƙofa. Babu fanka, babu ƙwai, wayoyi ne kawai ke leƙowa daga bango. Na fita na sake duba gidan, ko ɓatan kai na yi.

"Baba, an yi sata!" na ce wa mai gidan, wani dattijo da ke zaune a zaure.

"Satar me, ɗana?"

"Ƙofa."

"A'a, Ticha ne ya tafi da abarsa. Ai shi ya saya."

"To ɗakin da na kama fa?"

"Ga shi nan. An taɓa bangon ne?"

Raina ya ɓaci, na kira ejan. Ya ce da Turancin broka, "Oga, na so e be, haka abin yake. Ɗaki ka ce, ba ka ce ƙofa ba."

Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk gidan babu wanda ya ga abin mamaki. Matar da ɗakinta ke kallon nawa, mai sayar da kunu, ta dafa ƙofarta ta ce ita ma tata ce, duk gidan da ta koma da ita take tafiya. Ta ara mini zane na rataya. An fara karatu, ni kuwa ina zaune ina gadin kwamfuta a bayan zane, don ina tsoron barinta, ina kuma tsoron shiga cunkoson motar Abuja da ita. Sayen sabuwa kuma ba zancen ba ne, haya ta riga ta kwashe ni.

Da abin ya ishe ni na rungumi kwamfutar na hau mota zuwa Madalla, ina ta tsara maganganun da zan gaya wa Ticha. Ina shiga gidan da ya koma na ga ƙofar jingine a tsakar gida, an shanya mata tsumma. Ashe ta yi wa sabon ɗakin faɗi.

"Ka cire ta, kuma ba ta yi maka ba?"

"Tawa ce ai," in ji shi, yana kallona kamar ni ne ban da hankali.

Na gaya masa zancen kwamfuta da karatun da ke wuce ni. Sai ya ce, "Haba, brother, me ya sa ba ka yi magana ba tun farko? Aro zan ba ka."

Mu biyu muka ɗora ta a keke-napep, shi ya tsaya aka kafa ta. Ya miƙo mini makulli ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihunsa.

"Wancan fa?"

"Ƙofata ce."

Washegari na kulle kwamfutar yayata a ɗakin da makullinsa ke aljihun mutumin da ban sani ba, na tafi aji. Tun da na zo ƙasar, ranar ce hankalina ya fara kwanciya.