Shanya Ba Kala Ba Ce: Ta'aziyyar Kawu Tajuddeen Koki

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, ana kiran sallar la'asar, Allah ya karɓi ran kawuna, Barista Tajuddeen Umar Koki, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana. Ina kan keken ɗinkina a Dukawuya 'yarsa Ikram ta kira ni. "Yaya Murja, Abba," kawai ta iya cewa, na gane sauran.

Kawu, na gaji. Da wannan zan fara, domin kai kaɗai ne nake faɗa wa haka ba ka yi saurin ce mini in yi haƙuri ba. Kujera kake turo mini, ka sa a kawo ruwa, ka bar ni in gama.

Kai ne ƙanin mahaifiyarmu. Da ta rasu, ka kwaso mu, ni da ƙanena Abdulmalik, ka haɗa mu da 'ya'yanka, har baƙo ba ya iya tantance mu. A zaurenka na Koki na ga yadda ake zama lauya ba tare da ɗaga murya ba. 'Yan'uwa su shigo a kan rabon gida ba sa ga-maciji, su fita suna yi wa juna rakiya. Muna tsokanarka da lauyan zamanin da, saboda ƙaramar wayarka mai tocila da ka ƙi rabuwa da ita. Ashe ka riga mu duka karanta dokokin manyan wayoyin da muke taƙama da su.

Lokacin da ƙwacen waya ya addabi Gwammaja, 'yan sintirin unguwa suka zo wurin Abdulmalik, tunda shi ya karanta kwamfuta. Ya haɗa musu wata manhaja mai bin shafukan sada zumunta da shafukan bincike, tana kwaso suna da hoto da lambar waya da unguwar duk wanda ya tallata tsohuwar waya, har da abokansa da abokan abokansa. Wata Juma'a ya kawo maka ita, bakinsa har kunne. Ka duba, ka cire gilashi, ka tambaye shi da izinin wa ya tara wannan jama'a.

Ya ce, "Kawu, ai a fili suka zuba abinsu. Kala kawai nake yi."

Ba ka yi masa faɗa ba. Ka ja hannunsa zuwa ƙofar gida, ka nuna masa barkonon da matarka, Gwaggo Nana Hadiza, ta shanya a kan tabarma a lungu. Ka ce, "Wancan ma a fili yake, je ka ɗiba." Ya yi dariya. Ka ce masa kala ita ce abin da mai gona ya gama girbi ya tafi ya bari. Mai shanya kuwa tana cikin gida, kunnenta yana waje. Wanda ya sa hotonsa a shafi don danginsa su gani shanya ya yi, bai bar wa kowa ba. Sannan ka bi masa abin dalla-dalla: akwai dokar kare bayanan jama'a, akwai ta laifukan intanet, su kansu shafukan suna da sharuɗɗan da ya danna ya amince da su bai karanta ba. Ka ce kyakkyawar niyya ba ta zama izini a gaban alƙali, kuma na'ura fuska take gani, ba ta san mai laifi ba.

Amma a lokacin unguwa tana yabonsa, ana ce masa injiniya. Muryarka ɗaya ce a cikin tafi.

Ba a jima ba hotunan da ya bai wa 'yan sintiri suka fita, suka shiga wayoyin jama'a da sunan ɓarayin waya. A ciki har da Malam Sani, mai kayan miya da ya zo ci-rani, wanda laifinsa kawai ya ɗauki hoto da wani ɗan garinsu da ya tallata tsohuwar waya. Matasa suka tare shi a bakin teburinsa suka karya masa hannu. Aka kama Abdulmalik da tuhumar kwasar bayanan mutane ba izini da yaɗa su. Masu tafi kuwa, kowa ya kama gabansa.

Kai ka zo. Da silifa ka zo ofishin 'yan sanda, don ƙafarka ta kumbura takalmi ba ya shiga, ka ce mana wai ƙaya ce. Ka tsaya masa aka ba da beli. Na yi ta jiran ranar da za ka ce masa ai na faɗa maka, har ka koma ga Allah ban ji ba. Kai ka nemo Malam Sani, ka kai shi aka ɗora hannun, ka durƙusa masa da furfurarka a kan laifin da ba kai ka yi ba. Ya yafe, amma ka gaya mana gaskiya: yafiyarsa tasa ce, shari'ar ta hukuma ce, akwai dubban mutane a cikin na'urar nan da ba su ma san an kwashe su ba.

Daga nan muka shiga sintirin kotu. A ɗage yau, a ɗage gobe. Mu zauna a benci tun safe, a ce alƙali ya tafi taro. Ina kallonka kana ramewa, ina ɗauka shari'ar ce.

Abu ɗaya kuka kasa daidaitawa a kai, kai da Abdulmalik. Ka ce ya amsa laifinsa, ya nemi sassauci, a goge bayanan a gaban kotu. Shi kuwa abokansa sun cika masa kunne cewa ya tsaya a kan a fili abin yake, wai a wasu ƙasashe an yi nasara da wannan hujja. Ka ce mai yiwuwa ne, amma can ba a shigo da hannun Malam Sani cikin kotu ba. Ya fita ransa a ɓace. Wannan ce maganarku ta ƙarshe, kuma na san ita ke hana shi cin abinci.

Jiya, bayan sadakar uku, na so in haɗa wannan rubutu da hotonka. Na duba duk inda na sani a waya, babu ko ɗaya. Abdulmalik yana gefena a zaure. Ya ce ai kana cikin hotunan bukukuwan mutane da tarukan lauyoyi, da kowace kwamfuta zai iya sake haɗa manhajar ta zaƙulo fuskarka daga shafukansu. Bai ƙarasa ba idonsa ya tsaya a ƙofa.

Barkonon Gwaggo ne a lungu, wanda ta shanya da safiyar ranar da ka rasu. Ta shiga takaba, ba wanda ya tuna da shi. Maƙwabta ne suke rufe shi da buhu da magariba, su buɗe da hantsi. Jama'ar da ta zo gaisuwa ta yi ta ratse shi, ko ƙwaya ɗaya ba a ɗauka ba.

Abdulmalik ya tashi ya naɗe tabarmar, ya yi sallama ya kai mata har ƙofar ɗaki. Da ya dawo ya ce, "Yaya, ranar Litinin zan amsa laifina."

Ban san ko tare za mu dawo gida ranar ba, Kawu. Zan zauna a bencin nan, gefen da kake zama babu kowa. Rubutun nan kuma zai fita ba hoto, kamar yadda na san za ka fi so.

Ya Allah, ga bawanka Tajuddeen, ya kiyaye sirrin bayinka, ka suturta shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Nana Hadiza, da 'ya'yansa Ikram da Ummi, da jama'ar Koki baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sassauta wa Abdulmalik ranar Litinin, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.