Mai Cire Takalmi a Bakin Teku

A hanyar da aka shimfiɗa bisa tsohuwar katangar teku, kowa ruwa yake kallo, ban da wani tsoho mai koɗaɗɗiyar jallabiya da ke kallon ƙasa. Mastura na zaune a benci tana lura da shi. Hannuwansa duk kanta, irin na wanda ya daɗe yana jan koma. Wataƙila masunci ne, tun kafin a tashi ƙauyen masuntan da ke wurin a da.

Daidai wata fitilar titi sai ya tsaya, ya cire takalmansa, ya yi sallama.

"Yalla, ya ammi, matsa mana baffa, ka tare hanya," in ji wani matashi mai sassarfa.

Tsohon ko ɗagowa bai yi ba. "Zagaya, ɗana. Ta cikin ɗakin mahaifiyata kake bi."