Kawu Sannu-Sannu da Oba-obar Abokinsa

Kawuna bai taɓa buga ƙofa da ƙarfi ba a rayuwarsa. Gyaran agogo ya yi tun yana saurayi har ido ya gaza, kuma hannun nan ya saba da lallaɓa komai, ko murfin kwalba sai ya lallashe shi kafin ya buɗe. Shi ya sa unguwa ta sa masa suna Sannu-Sannu. Ni dai ina sonsa, amma Allah ya kiyashe ka da jiransa ya ɗaura takalmi.

Da ya rufe shago sai ya faɗa harkar rediyo. Ya yi jarrabawa ya karɓi lasisi, ya shiga ƙungiyar wasu dattawa da ke gaisawa ta oba-oba, wato rediyon hannu da ake magana da shi, kowace safiya, suna tambayar juna ciwon gwiwa. Babban amininsa a ciki tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ɗansa ya ɗauke shi zuwa bayan gari. Ana cikin haka ƙungiya ta sauya mitar da suke haɗuwa a kai, oba-obar direba ta yi shiru. Ɗan ya kawo wa Kawu ita da safe, ya ce da yamma zai biyo ya karɓa, don babansa ya daina cin abinci, yana cewa an manta da shi.

Aikin ba wuya a baki: a haɗa oba-oba da kwamfuta da kebul, a zuba mata sabuwar mita. Kawu ya haɗa, kwamfuta ta ce ba ta ga rediyo ba. Ya sauya kafar da ya soka kebul, ya zaɓi wata lambar kafa a cikin manhaja, shiru. Ya zargi kebul ɗin da zama jabu, ya zazzage akwatinsa ya gwada wasu. Ya cire manhajar ya sake sawa, ya hura ramin, ya goge da auduga. Rana tana ta yin ƙasa, har zufa ta jiƙa masa hula.

Sai ga matarsa, Iya, ta shigo neman teburinta da ya baza kaya a kai, don guga. Ta leƙa, ta ga kan kebul ɗin bai gama shiga jikin oba-obar ba.

"Malam, wannan ai a bakin ƙofa ka bar shi yana sallama," in ji ta.

"Kar ki taɓa! Abu ne mai laushi."

Kafin ya rufe baki ta sa babban yatsa ta danna, ji kake ƙas!

"Shi ke nan, kin kashe ta!" Kawu ya dafe kai.

"To dubi kwamfutarka."

Ga shi kuwa ta gane rediyo, mita tana shiga. Kawu ya yi gyaran murya ya ce dama saura kaɗan ya gano. Iya ta ce ya gano mata teburinta.

Da yamma ɗan ya biyo ya karɓa. Washegari na je gidan Kawu da wuri don in ji. Dattawa suka yi ta gaisuwa, Kawu ya kasa zama. Can sai wata murya ta shigo, a karye, tana jan kalmomi da ƙyar. Kowa ya yi tsit, ni kam hawaye suka zubo mini.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji direba. "Ku ci gaba da surutunku. Ni dai ina ji."