Mudi da Ɗaliban da Suka Zo Ganin Kurkunu

A wani ƙauye gabas da Agiye, in za ka ce wa Mudi "ina kwana", gara ka fara neman wurin zama, don amsarsa ba ta tsayawa a "lafiya lau". Kakkauran mutum ne mai faɗin ƙirji, yana ɗaga buhun gero ya aza bisa amalanke bai kira kowa ba. Amma a faɗarsa, tun yana saurayi bai taɓa tashi da cikakkiyar lafiya ba. Yau wani abu ke yawo ƙarƙashin haƙarƙarinsa, gobe jininsa ya yi sanyi ta gefen hagu.

Matarsa Batulu ta daɗe da daina tsorata. In ya ce yau kam ba zai kai la'asar ba, sai ta ƙara masa tuwo, ya cinye, ya tambayi ko akwai saura.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Majo Sha'ibu, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da ƙaramar likitar ƙauyen, wato ɗakin shan maganinsu. Mudi na da wurinsa a kan bencin likita, ba mai zama masa. Majo ya duba shi, ya sake dubawa, bai ga komai ba, Mudi kuwa ya yanke cewa karatun Majo ne bai yi zurfi ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban taron ƙasa da ya buɗe hanyar siyasar jam'iyyu, motocin jam'iyyu suka fara shigowa ƙauyuka da lasifika. Mutane na roƙon rijiya da taki, Mudi na roƙon a kawo lokotoro, wato dokta, na gaske. Don haka ranar da wata farar mota kat-kat ta tsaya gaban likita, mata suka fara guɗa, suna zaton sabuwar jam'iyya ce. Sai ga samari da 'yan mata Turawa sun fito, fuska ja, kowa da hular rana. Majo ya yi bayani: ɗalibai ne daga wata jami'a ta ƙetaren teku, suna karatun lafiyar al'umma, sun zo da malamarsu su ga yadda ake yaƙi da kurkunu, tsutsar nan da ake sha a ruwan tafki ta fito wa mutum a ƙafa.

Mudi ya ruga gida ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya yi tunani, ya tuɓe, ya sa tsohuwa, ya ari sandar maƙwabcinsa, ya dawo yana ɗingishi.

Ɗaliban suka karɓe shi da murna. Su ne mutanen farko da suka saurari labarin ciwonsa har ƙarshe, Majo na fassara yana share gumi. Wani dogon saurayi a cikinsu, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Dogo tun fitowarsa daga mota, ya auna masa tansiyo don duba hawan jini, ya saurari ƙirjinsa, ya faɗi wata magana yana murmushi.

"Me ya ce?" in ji Mudi.

"Ya ce da zuciyar kowa a garin nan irin taka ce, da an rufe likitar."

"Ba haka ya ce ba, Majo. Kai ka juya maganar don kar asirinka ya tonu. Yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa da 'yancin bakinsa, ka bar yaro ya faɗi gaskiya."

Tun da ba su gane ciwon a zaune ba, Mudi ya ƙudura sai sun gane shi a tafe. Da suka nufi ƙauyukan bakin tafki inda mota ba ta shiga saboda yashi, ya bi su. Yana gaba suna baya, jarkar ruwansu a kansa, yana bayanin yadda ƙafafunsa suka mutu. Ɗaliban na haki, suna tsayawa gindin kowace bishiya, shi yana jiransu. A ƙauye na biyu ya manta sandar aro jingine da rumbu, bai tuna ba sai da mai ita ya zo tambaya.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da Dogo. Aka kwantar da shi a ɗakin Majo, yana rawar ɗari, 'yan uwansa suka ci gaba da fita aiki. Mudi ya leƙo, ya daɗe yana kallonsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Yaro ya zo jiya-jiya, har ya samu ciwo na gaske."

Amma ya shiga ya zauna. Ya ga idon yaron, ya gane tsoro ne ya fi zazzaɓin yawa, ga shi nesa da uwa. Ya ɗauki mafici yana yi masa fifita, ya kawo kunun tsamiya daga wurin Batulu, yana ba shi a ludayi. In Dogo ya yi nishi, sai Mudi ya girgiza kai.

"Majo, gaya masa ba haka ake yi ba. Daga ciki ake jawo shi, a sake shi a hankali."

Ya gwada masa. Dogo ya kwaikwaya, dariya ta ƙwace masa, ita ce ta farko tun kwanciyarsa. Ba su jin harshen juna, amma suka wuni suna hira, kowa da nasa. Duk kwanakin nan Mudi bai ambaci haƙarƙarinsa ko sau ɗaya ba, har Batulu ta tsorata da gaske, ta taɓa goshinsa ta ji ko lafiya.

Dogo ya warke. Da za su tafi, malamarsu ta tambayi Majo ko akwai wanda zai riƙa zagaya ƙauyuka yana raba ƙyallen tace ruwa. Majo bai ko yi tunani ba ya nuna Mudi, don ya ga hanyar samun sauƙi a bencinsa. Dogo ya rungume Mudi a bakin mota yana hawaye, Mudi na ce masa ya kula da sanyin ƙasarsu, yana shiga ƙashi.

Mudi ya yi shekaru yana aikin nan da ƙafa. Mata sukan ce, in suka hango shi tafe sai su yi maza su ɗaura ƙyalle a bakin tulu, don ya ga an tace ya wuce kafin ya fara labarin jininsa. Ko ma mene ne dalili, an tace ruwan, kurkunu kuma ya bar yankin.

Yanzu Mudi ya tsufa, haƙoransa cif, yana noma gonarsa. Majo Sha'ibu ya yi ritaya a Maraɗi, gwiwa ta hana shi fita. Mudi kan shiga taksi ya je duba shi ranar kasuwa. In Majo ya fara kukan gwiwarsa, sai Mudi ya ce, "Wannan ai na yi shi tun zamanin soja. Ka riƙa shafa man shanu." Sannan ya jawo kwanon abincin da aka kawo wa Majo, su ci tare.