Ranar da Na Ɗaga wa Goggo Murya

Shekarar da nake koyon aikin awon ji a Lyon, kunnen Goggo, yayar babanmu da ke zaune a Paris, ya yi nauyi. Ta daina zuwa suna da biki, wai ta gaji da yin dariya don kawai ta ga ana yi. Da aka kai ta awo, kalmomin Faransanci aka kunna mata aka ce ta maimaita, matar da Faransancinta bai wuce na cinikin kifi a kasuwar Barbès ba. Na'urar ƙara ji da aka saita mata da wannan awon a kwanon goro ta ƙare.

Ina da ƙawa 'yar Sifen mai naɗar kalmomin harshensu don irin wannan awo. Ita ta ce mu naɗa wa Goggo na Hausa. Sharaɗin shi ne kowace kalma ta fito tas, da ƙarfi iri ɗaya.

Na shiga ɗakin naɗar murya ina taƙama, na fara karanto kalmomin. Ruwa, gero, tabarma. Ƙawata ta girgiza kai, wai muryata nutsewa take. Muka sake, muka kuma sakewa, har na hasala na ce injinsu ne ya lalace. Sai ta kwaikwayi tsayuwata ta bayan gilashi, kai a sunkuye, hannu a ƙirji. Ashe tunda na san Goggo ce za ta saurara, bakina ya ƙi ɗaga murya. Haka aka rene mu a Damagaram. Muka yi dariya har da hawaye. Daga baya na sa a raina ƙanena nake aika kasuwa, kalmomin suka fito garau.

Goggo ta zo Lyon a jirgin ƙasa, malaminmu ya yi mata awon da muryata. Ta maimaita abin da ta ji, ta fito tana hararata.

"Ke, ni kike ma magana hakanan, kamar mai aiken yaro?"

Amma bakinta ya ƙi rufuwa don murmushi. Aka sake saita na'urar, ta koma Paris.

Da sati ya zagayo na kira ta. Na fara gaisuwa da ihun da muka saba yi mata, sai ta katse ni.

"Yi a hankali, ɗiyata, ina jin ki."

Ina tsaye a bakin titi ina jiran bas, daɗi ya sa ni kuka, ban damu da masu kallo ba.