Kwat ɗin Mai Igiya da Ba a Wankewa

Kafin masu shara su gama da bakin titi, Mai Igiya ya riga ya buɗe ƙofar gidan dabbobi na hukumar gari. Ba ya fara gaida mutane. Sai ya bi ɗaki-ɗaki ya gaida 'yan hayarsa tukuna: awakin da aka kamo suna cin furannin shataletale, jakin da mai shi ya yar saboda gyambo a baya, kyanwoyin da aka tsinto a kwali bayan kasuwa. Ya duba ruwansu, ya duba hanci, ya duba kashi, don ya ce kashin dabba ba ya ƙarya. Bayan nan ne zai leƙo shagona, inda nake sayar da dusa da harawa daura da ƙofarsu, ya ce, "Mai dusa, an tashi lafiya?" Wato ni ne akuyar ƙarshe a layi.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na yi yawon duniya, na kuma ga ma'aikata iri-iri. Da yawa in ka ba su igiya da hula sai su ɗauka garin aka ba su. Shi kuwa igiyar tasa a kafaɗa take wuni, ban taɓa ganin ya bi dabba da gudu ba. Ranar da bijimi ya ƙwace wa mahauta ya faɗa tashar mota, 'yan kamasho suka haye rufin motoci suna ba da shawara daga sama. Mai Igiya ya zo, ya zauna a ƙasa, ya juya wa bijimin baya yana ɓare gyaɗa. Can sai ga bijimi ya matso yana shinshinar kwat ɗinsa, ya biyo shi har gida kamar an aiko shi.

Masu dabbobin ma haka yake bi da su. Wata ta zo da faɗa tun daga ƙofa: "Akuyata ba ta yawo!" Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Shataletalen ne ya biyo ta gida." Ta yi dariya ba ta so, ta sa hannu, ta sayi igiya a wurina.

To, kwat ɗin nan shi ne zancen. Hukuma ce ta ba shi ranar da ya kama aiki, kuma tun daga ranar bai ga sabulu ba. Warinsa kan riga shi sallama. Uwargidansa ta hana shi shiga ɗaki da shi, a ƙusa yake kwana a zaure. Amma duk dabbar da aka kawo tana rawar jiki, in ya shimfiɗa mata kwat ɗin sai ta lafa. Ya ce dabba ba ta karanta katin aiki, da hanci take sanin wanda ba zai cuce ta ba.

Wanda ya fi kowa riƙo da wannan wari shi ne Saje, wani tsohon kare makaho da aka tsinto a ɗaure a juji. Ba ya cin komai sai ya ji kwat ɗin kusa. Da lokacin ritaya ya matso, likitan dabbobi ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: "Baba, in ka tafi ya ƙi ci, ba zan bar shi ya mutu da yunwa ba. Allura zan yi masa ya huta." Sai Mai Igiya ya yanke shawarar barin kwat ɗin ga magajinsa, direban motar kamu, wanda muke kira Ɗan Gayu don har hankicinsa guga yake sha.

Ranar taron ban kwana an jera kujeru a tsakar gidan, shugaban sashe ya zo da jawabinsa. Sai ga Mai Igiya ya shigo kamar wanda aka yi wa mutuwa, uwargida na biye tana murmushi. Kwat ɗin fes, yana ƙamshin sabulu. Ashe kore ne! Duk mun ɗauka ruwan ƙasa ne.

"Uwar yara, kin kashe ni."

"Na kashe ka? Manya za su zo, ka tsaya gabansu kana warin bunsuru, a ce ba ka da mata? Ruwa uku na zubar, na ƙarshen ma kaji sun ƙi sha."

Ya kai wa Saje kwano. Saje ya ɗaga hanci, ya yi masa haushi irin na baƙo, ya koma lungu. Likita ya kau da kai.

Kai ne, Mai Igiya, ka bar shugaba da jawabi a hannu ka faɗa garken awaki, ka rungumi bunsuru kana goga masa kwat kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Ka yayyafa maganin kaska, ka bi ta ɗakin jaki. Ka ce saura gumi, ka tsallako shagona ka sauke mini buhunan dusa daga mota a tsakar rana. Tun da nake ban taɓa samun ɗan dako mai zuciya irinka ba. Ka koma, Saje ya shinshina, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, amma bai taɓa kwanon ba.

Sai uwargida ta yi tsaki, ta buɗe jaka.

"Tsohon nan, ba ka san warin kanka ba. Ina man zafin da nake shafa maka a kafaɗa kullum safiya?"

Ta lakato, ta murza a wuyan kwat ɗin da hannunta. Mai Igiya ya cire shi, ya nufi Ɗan Gayu.

"Baba, a kan farar rigata?"

"A kanta, ɗana. Rufe baki, buɗe hannu."

Ɗan Gayu ya durƙusa da kwano, idonsa na hawaye, ba mu san ko tausayi ne ko wari ba. Saje ya taso a hankali, ya cusa hanci a hammatar kwat ɗin, ya daɗe, sannan ya sa baki. Shugaba ya ninke jawabinsa ya fara tafi. Uwargida ta ce ita dai ta gode Allah, zaurenta ya huta, sauran kuma tsakanin Ɗan Gayu ne da matarsa.

Mai Igiya, uban marasa gata, mai kamu ba da gudu ba, mun gode. Ka yi aikin da mutane ke toshe hanci in sun wuce, ka raba yaranmu da cizo, ka raba dabbobi da duka. Allah ya saka maka, ya ba kafaɗar nan lafiya.

Ku kuma masu aiki, a ofis kuke ko a titi, ku yi koyi da shi: ku riƙe aikinku har ya kama jikinku, yadda ko makaho zai shaida ku. Ɗan Gayu ya ɗauki hanya. Jiya ya shigo shagona sayen dusa, ban ɗago kai ba na ce, "Sannu, Mai Igiya."